Rajistar aikin sabar shagon Baffa, daga Windows zuwa Ubuntu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Baffa yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, Yaya kuma yana riƙe da na biyu a Kaduna. Lissafin kaya da na bashi duk a manyan littattafai suke, kuma kowane ƙarshen wata sai an kwana ana waya ana daidaita su. Tun bara na rubuta wata 'yar manhaja da Python wadda take riƙe wannan lissafi, amma a laftof ɗina kaɗai take zaune. In ana so shagunan biyu su riƙa ganin abu ɗaya a lokaci ɗaya, dole a ɗora ta a kan saba, wadda wasu ke kira uwar garke: kwamfutar da ba a kashewa, tana can a ɗakin ajiyar wani kamfani, kai dai haya kake biya.

Yau na kama hayar. Mafi ƙanƙanta na ɗauka: ma'adanar aiki gigabait 1, faifai gigabait 25, dala 6 a wata, da Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a kai. Na zaɓi ta Landan saboda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas galibi Turai suka nufa, don haka ta fi ta Amurka kusa. Katin bankina na naira ya ƙi biya, sai da na buɗe katin dala na manhaja. Da kuɗin canji da ladansu, naira 11,200 suka fita.

Laftof ɗina Windows 10 ne, sabar kuma Linux. Ban taɓa ganin ta ba, ba kuma zan gan ta ba. Duk aikin a tsakanin nan yake. Burina a gama kafin azumi, don da kasuwar sallah ta buɗe babu mai saurarona.

Litinin, 6 ga Janairu

Shiga ta farko. Na yi amfani da PuTTY, manhajar shiga saba daga nesa ta hanyar SSH mai ɓoye saƙo, da ke cikin tsohon filas ɗina tun zamanin makaranta. Na zuba lambar adireshin sabar, ƙofa ta 22, sai ga gargaɗi cewa ba a san wannan saba ba, ga tambarin yatsanta, na yarda ko ban yarda ba. Na danna na yarda ba tare da na karanta ba, kamar yadda kowa yake yi.

Na ɓata kusan minti goma a wajen kalmar sirri. Ina bugawa, allo bai nuna komai ba, ko ɗigo ɗaya. Na zaci kibod ne ya mutu. Ashe haka Linux take, ba ta nuna ko tsawon abin da ka rubuta. Abu na biyu da ya ba ni haushi: a PuTTY danna maus ta dama shi ne liƙa rubutu, Ctrl da C kuwa ba kwafa ba ce, kashe aikin da ke gudana ne. Hannuna ya saba da Windows shekara goma sha, sau uku ina yanke umarni a tsakiya.

Laraba, 8 ga Janairu

Na leƙa rajistar masu neman shiga don kawai in ga sunana. Abin da na tarar ya tsinka min zuciya. Cikin kwana huɗu an gwada shiga sama da sau dubu biyu, da sunaye irin su root da admin da test da ubuntu, daga adireshin ƙasashe barkatai. Ban faɗa wa kowa lambar sabar ba, ko Baffa bai san an kama ta ba. Ba mutane ba ne a zaune, manhajoji ne da aka saki suna bin intanet gida-gida suna taɓa ƙofa ta 22, ko za su dace da wadda ba a kulle da kyau ba.

Na ɗan yi karatu a kan SSH ɗin kanta. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro ta a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a netwok ɗin jami'arsu, Jami'ar Fasaha ta Helsinki, lokacin da telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, ke aika komai a fili. Lambar 22 ma ta faɗo ne tsakanin 21 ta FTP, mai aika fayiloli, da 23 ta telnet, waɗanda ya so ta maye gurbinsu. Shekara talatin ke nan, ɓarayin ba su gaji ba.

Na buɗe sabon asusu na kaina mai izinin sudo, wato aron ikon shugaba in an buƙata, na daina shiga da root, babban asusun da ke da iko a kan komai. Asabar zan koma makulli.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar makulli, kuma ta ci min yini guda.

Yadda na fahimci abin: ana ƙera abu biyu tare, kwaɗo da ɗan makulli. Kwaɗon za ka iya rarraba shi, ka maƙala a kowace saba, ba komai in an gan shi. Ɗan makullin yana wurinka, ba ya barin na'urarka. Sabar ba ta taɓa karɓarsa, tana dai jarraba ka ta tabbatar kana riƙe da shi.

Na ƙera na RSA da PuTTYgen, na adana kwaɗon a fayil, na buɗe fayil ɗin na kwashe abin da ke ciki na zuba a authorized_keys, fayil ɗin da sabar ke ajiye kwaɗunan da ta yarda da su. Amsa: "Server refused our key". Kuskure na farko nawa ne. Fayil ɗin da PuTTYgen ke adanawa layi-layi yake, da kai da gindi, sabar kuwa layi ɗaya tak take so, wanda ke cikin akwatin saman tagar. Na gyara. An sake ƙi. Na duba izinin folda, 700 ga .ssh, 600 ga fayil ɗin, duk daidai. An sake ƙi.

Bayan la'asar na koma rajistar sabar, wurin da ya kamata in fara tun safe. Can na ga tana cewa ba ta karɓar salon sa hannu na ssh-rsa. Ashe tun OpenSSH 8.8, manhajar SSH da sabar ke amfani da ita, a 2021, aka daina karɓar sa hannun RSA da aka yi da SHA-1 sai in mutum ya kunna da gangan, Ubuntu 24.04 kuma 9.6 take ɗauke da shi. PuTTY ɗin filas ɗina 0.70 ne, na 2017, bai iya sabon salon ba, sai daga 0.75 aka saka. Makullin lafiyarsa ƙalau, mai riƙe da shi ne ya tsufa.

Maimakon in sauko da sabon PuTTY, sai na gwada abin da ke cikin Windows ɗin tun asali. Tun 2018 Windows 10 ke zuwa da OpenSSH, ni ban sani ba. Na buɗe PowerShell, ssh-keygen, na zaɓi ed25519, wani sabon nau'in makulli, na saka masa kalmar kariya. Kwaɗon gajere ne, layi ɗaya da kaɗan. Windows ba ta da ssh-copy-id da duk masu koyarwa ke ambata, don su a Linux ko Mac suke zaune, sai na liƙa shi da hannu ta nano. Shiga ɗaya ya buɗe.

Ƙaramin tarko na ƙarshe: na rubuta fayil ɗin config don in riƙa buga "ssh shago" kawai, Notepad ya ƙara masa .txt a ɓoye, ni kuma Windows ta ɓoye min wutsiyoyin fayiloli. Na kunna nuna su, kuma ba zan sake kashewa ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Na kashe shiga da kalmar sirri a sshd_config, fayil ɗin saitin sshd, mai karɓar masu shiga a sabar, na sake tayar da sabis ɗin. Don in tabbatar, na gwada daga laftof ɗin ƙanwata wanda ba shi da makulli. Sai ga shi yana tambayar kalmar sirri kamar ban yi komai ba. Akwai wata folda, sshd_config.d, a cikinta wani fayil 50-cloud-init.conf da aka zo da shi tun ranar haya, ya ce a bari. Ana karanta foldar kafin sauran babban fayil ɗin, kuma a wajen sshd maganar farko ita ce magana. Na gyara can. Umarnin sshd -T yana nuna abin da sabar take bi a zahiri, ba abin da kake zaton ka rubuta ba. Da ban gwada da na'urar wani ba, da na kwanta ina murna ƙofa a buɗe.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba wuta tun jiya, hazo kuma ya rufe gari, solar ɗin maƙwabci ma bai kawo abin kirki ba. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na kulle kaina a waje.

Na so in yi wayo ne: in mayar da SSH daga ƙofa ta 22 zuwa 2222 don in rage masu ƙwanƙwasawa, in kuma tayar da katangar ufw. Na canza lambar a sshd_config, na sake tayar da ssh, na buɗe 2222 a katanga, ban buɗe 22 ba, na kunna. Har ufw ɗin ya tambaye ni ko na san hakan na iya yanke haɗin da nake kai, na ce e. Tagar da nake ciki ba ta yanke ba, don katanga ba ta korar wanda ya riga ya shiga. Na ga komai lafiya, na rufe laftof na tafi masallaci.

Bayan isha'i na dawo. A 2222, "Connection refused", nan take. A 22, shiru na tsawon lokaci, sannan "Connection timed out". Na yi ta maimaitawa kamar wanda ke murɗa makullin gidan wani. Sai daga baya na gane amsoshin biyu suna ba ni labarin duka. Na farko yana nufin katanga ta bar ni na wuce amma babu kowa a bakin wannan ƙofa. Na biyu yana nufin ko sallamata ba ta isa ba, katanga ta haɗiye ta. Wato mai gadi yana nan tsaye a 22 da na toshe, ni kuma na huda bango a inda babu kowa.

Dalili: a sababbin Ubuntu, daga 22.10, ba sshd ne ke tsaron ƙofar da kansa ba, systemd ne, mai kula da tayar da manhajojin sabar, ta wani abu da ake kira ssh.socket. A 24.04 in ka canza lamba sai ka yi daemon-reload ka sake tayar da ssh.socket ɗin. Jagorar da na bi ta zamanin 20.04 ce.

Hanyar tsira ita ce allon gaggawa da ke shafin kamfanin hayar, wanda ke nuna maka sabar kamar kana zaune a gabanta da kibod. Shi ba ruwansa da makulli, kalmar sirri yake so. Tawa kuwa doguwa ce, haruffa ashirin da alamomi, kuma tagar ba ta karɓar liƙi. Na buga da hannu sau biyar ana ƙi. Na gwada rubuta alamomin a gurbin suna inda ake iya gani, sai na ga @ tana fitowa a matsayin ", wato tsarin kibod ɗina na Ingila ne, sabar tana karanta na Amurka. Na zana taswirar alamomin a bayan takardar rasit, na shiga a karo na bakwai, ƙarfe ɗaya saura na dare.

Na mayar da komai 22. Sauya lambar ba tsaro ba ne, rage hayaniya ne kawai, tunda babu mai shiga sai da makulli. Kuma daga yau duk abin da ya shafi SSH ko katanga, taga ɗaya tana buɗe, in gwada shiga da ta biyu kafin in rufe ta farkon.

Litinin, 20 ga Janairu

Na yi tunanin in taƙaita ƙofar ga adireshina kaɗai. Na duba shi da safe, na duba da rana bayan na kashe data na kunna, ya canza. Layukan waya suna cusa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma suna sauya shi yadda suka ga dama. Da na yi, da na sake kwana a allon gaggawa. Na saka fail2ban dai, mai korar adireshin da ya yi ta gwada shiga yana kuskure, da tsawon kora na awa ɗaya.

Yau kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan zai shiga lissafi.

Laraba, 22 ga Janairu

Ɗora manhajar. WinSCP na yi amfani da shi, Windows a hagu, saba a dama, ka ja ka saki. Sabon da na sauko da shi ya karɓi makullina amma sai da ya mayar da shi tsarin .ppk na PuTTY, don haka yanzu kwafi biyu ne na ɗan makulli ɗaya a laftof, abin da bai kwanta min ba.

Sai fayil ɗin tayar da manhajar ya ƙi tashi: "cannot execute: required file not found". Ga fayil ɗin ina kallonsa da idona. Na duba suna, na duba izini, na goge na sake ɗorawa. Wani abokina da ke aiki a Abuja ya ce in buga cat -A in karanta masa layin farko. A ƙarshen kowane layi akwai ^M. Ya yi dariya ya ce barka da zuwa.

Windows tana rufe layi da alama biyu, Linux da ɗaya. Gadon injin buga waya ne na da, inda umarni ɗaya ke mayar da kan injin farkon layi, ɗaya kuma ya tura takarda sama. To layin farko na fayil ɗina ya ce a nemo /bin/bash, Linux kuma ta tafi neman wani abu mai suna bash haɗe da wannan alama marar ganuwa. Shi ne ba a samu ba, ba fayil ɗina ba. dos2unix ya warware cikin daƙiƙa, na kuma saita VS Code ya riƙa adanawa da LF.

Bayansa hoton tambarin shago ya ƙi fitowa. Na rubuta logo.png, fayil ɗin kuwa Logo.PNG ne. A Windows duk ɗaya ne, a Linux mutum biyu ne da ba su san juna ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Wannan ta Hausa ce zalla. Na fitar da jerin kaya daga sabar a fayil ɗin CSV, Yaya ya buɗe da Excel, ya kira ni: "Kai, wane yare ne wannan?" Duk inda aka rubuta baƙi ko shuɗi ko ruwan ƙwai, haruffa masu lanƙwasa sun zama tarkace. Sabar da UTF-8 take rubutu, Excel kuma in bai ga wata alama a farkon fayil ba sai ya karanta da tsohon tsarin Windows na Turawan yamma, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. A Python na canza zuwa utf-8-sig, wanda ke saka alamar. Ya gyaru. Baffa da aka ba shi labari cewa ya yi a rubuta baki da shudi kawai a huta. Na ce Baffa, ranar da aka rubuta bashin baƙo a matsayin na Bako za a gane.

Asabar, 25 ga Janairu zuwa Talata, 28

Yaya ya ce shi ba zai iya da baƙin allo ba, yana son ya ga sabar da tagogi da maus kamar kwamfutar gaske. Ban so ba, amma babba ne, na ce bari a gwada.

Na saka XFCE, mai kawo wa Linux tagogi da maus, don shi ne marar nauyi, da xrdp wanda ke ba Remote Desktop na Windows damar shiga Linux. Ƙofarsa 3389 ce, kuma tana cikin waɗanda masu kutse suka fi farauta, don haka ban buɗe ta a katanga ba. Na bi da ita ta cikin SSH: ssh -L 3390:localhost:3389, sannan a Remote Desktop ka nufi localhost:3390. Kamar ka saka wasiƙa a cikin wata wasiƙar. Wannan dabarar ta burge ni, kuma ta yi aiki tun gwajin farko.

Sauran kuwa wahala ce. Ka motsa maus, sai ka jira ya biyo ka. Tafiyar saƙo daga Kano zuwa Landan da dawowa a layina tana kaiwa milisakan 170 zuwa 200, a rubutu ba ka damuwa sosai, a hoto kuwa kamar tafiya cikin taɓo. Awa ɗaya da rabi na gwaji ta cinye kusan megabait 400, alhali mako guda na baƙin allo bai ci 50 ba. Mafi muni, ran Litinin Yaya ya buɗe burauza a cikin sabar, ma'adanar gigabait 1 ta cika, Linux ta zaɓi abin da za ta kashe don ta numfasa, ta kashe PostgreSQL, wato rumbun lissafin kansa. Allah Ya sa bayanan gwaji ne.

Talata na cire su duka. Na zaunar da Yaya a waya na ce masa: Yaya, ba sabar kake buƙatar gani ba, lissafin kake buƙata, shi kuma ta burauzar wayarka zai zo maka. Ya ce to ai da ka faɗa tun farko. Na faɗa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na sayi suna na .com.ng, naira 7,500 a shekara, na ɗora Nginx a gaba don ya riƙa karɓar masu buɗe shafin, na karɓi takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt, kyauta ce, kwana 90 take yi tana sabunta kanta. Ƙofofi uku ne yanzu a buɗe: 22, 80, 443.

Da yamma ina tsakiyar sabunta manhajojin sabar netwok ya ɗauke. Da na dawo, apt, mai sabunta manhajojin, ya ƙi motsi, ya ce an katse dpkg da ke girka su. dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da aka bari, amma gabana ya faɗi, don har da kernel, zuciyar Linux ɗin, a cikin jerin. In haɗin SSH ya yanke, abin da kake gudanarwa a cikinsa yakan mutu tare da shi. Maganin tmux ne: aikin yana zaune a sabar, ka tafi ka dawo ka ce tmux attach, ka tarar da shi inda ka bari. Ga mai aiki da datar waya a garin nan wannan ya kamata a fara koya masa kafin komai. Na kuma saka ServerAliveInterval 30 a config, don layin ya daina yanke ni in na yi shiru.

Talata, 4 ga Fabrairu

An biya wata na biyu. Ba wani abu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gwajin mosh, wata hanyar shiga saba kamar SSH, wanda aka yi a jami'ar MIT ta Amurka domin masu raunin netwok. Yana bi ta UDP, ƙofofi 60000 zuwa 61000, yana nuna abin da ka buga nan take ba tare da jiran Landan ba, kuma ko adireshinka ya canza ba ya yankewa. Matsalar, ba shi da na Windows kai tsaye, sai ta cikin WSL, wato Linux a cikin Windows. WSL ya ƙi tashi sai da na shiga BIOS na kunna wani saiti na na'urar kwaikwayo. Da na nuna masa makullin da ke ɓangaren Windows, ssh ya ƙi taɓa shi, ya ce a buɗe yake ga kowa, don daga can duk fayilolin Windows da izinin 777 suke bayyana. Na kwafo shi cikin gidan WSL na ba shi 600. Kwafi uku ke nan.

Mosh ya yi daɗi ƙwarai. Ƙofa biyar kawai na buɗe masa, ba dubu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tafiya Kaduna don in nuna wa yaran shago. Kafin in fita na saka Termux, mai ba waya baƙin allon Linux, daga kantin manhajoji na F-Droid, na ƙera mata nata makullin daban, don in an sace ta layi ɗaya zan goge a sabar. A mota, mun wuce Zariya, Baffa ya kira wai shafin ya ƙi buɗewa. Na shiga da waya, yatsa ɗaya, mota tana girgiza. Manhajar ce ta faɗi ba ta tashi ba, don ban gaya wa systemd ya riƙa tayar da ita ba. Layi ɗaya ne, Restart=always. Wanda ke kusa da ni ya daɗe yana leƙen allon, daga ƙarshe ya tambaya a hankali ko ina cikin masu kwashe kuɗin mutane a banki.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Da shaguna biyu suka fara zuba bayanai na gaske, gigabait 1 ta yi kaɗan. Na kama sabuwa mai gigabait 2, dala 12, na gina ta daga tushe da abin da na koya, awa uku maimakon wata guda. Na juya sunan shafin zuwa gare ta. Da na buga ssh shago sai allo ya cika da alamomin @ da manyan haruffa, wai shaidar sabar ta canza, wataƙila wani ya tsaya a tsakani. Wannan tambarin yatsan ne da na amince da shi ran 6 ga Janairu ban karanta ba. A wannan karon na buɗe allon gaggawa, na fitar da tambarin sabuwar da ssh-keygen -lf, na goge tsohon da ssh-keygen -R, na gwada su harafi da harafi kafin in ce e. Sai da na maimaita a PowerShell da WSL da waya, kowanne da littafin shaidarsa.

Tsohuwar zan bar ta mako ɗaya kafin in rushe.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Baffa ya yi tambayar da ta dace: in ba ka nan fa? Don haka na ce Yaya ya ƙera makulli a laftof ɗinsa ya turo min kwaɗon, wanda sunansa ya ƙare da .pub. Ya turo duka biyun ta WhatsApp, a zauren iyali mai mutum arba'in da wani abu, ya ce in zaɓi wanda nake so. Muka goge, muka sake sabo, ina kan waya ina bin sa mataki-mataki. Asusunsa ba shi da sudo gaba ɗaya, abu biyu kawai zai iya: sake tayar da manhajar da sauko da ajiyar lissafi. Kalmar sirrin allon gaggawa kuma na sauya ta zuwa kalmomin Hausa biyar marasa alama ko ɗaya, na rubuta a takarda, tana cikin sef ɗin Baffa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na rushe tsohuwar saba. Ajiyar ko-ta-kwana: cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, yana kwafe rumbun lissafin da pg_dump ƙarfe biyun dare, amma kwafin yana kan sabar, wanda bai da maraba da ajiye makullin sifiya a cikin motar. Na sa Task Scheduler na Windows ya riƙa jawo shi da scp, umarnin kwafar fayil ta SSH. Kwana uku cikin biyar laftof ɗin yana kashe a lokacin, ba caji. Na mayar da shi ya riƙa yi duk sanda na kunna na shiga. Agogon sabar ma a UTC yake, awa ɗaya baya da namu, shi ya sa cinikin bayan sha biyun dare ke faɗawa jiya. Na saita shi Africa/Lagos.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kuɗin da ya fita zuwa yau: hayar Janairu 11,200, ta Fabrairu da 'yan kwanakin da sabobin biyu suka yi tare 24,600, suna 7,500, data kusan 19,000 wadda xrdp da saukar WSL suka ci kaso mai tsoka, motar Kaduna 16,000. Jimla 78,300. Baffa ya biya 60,000, ya ce sauran kuɗin makaranta ne.

Jiya na gwada dawo da ajiyar a kan WSL, lissafin ya fito daidai da na shafin, har bashin wata hajiya mai turmi goma sha huɗu da aka yi ta gardama a kai. Na goge kwafin .ppk, WinSCP ma na cire shi tunda scp ya ishe ni. Saura biyu, na PowerShell da na WSL, kuma ina so in mayar da su makullai daban-daban.

Abin da ya rage sai bayan sallah: WireGuard, keɓaɓɓiyar hanya tsakanina da sabar, don in rufe 22 daga idon duniya gaba ɗaya, da wurin ajiya na biyu wanda ba laftof ɗina ba. Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoban 2025, wannan laftof kuma ba ya ɗaukar 11, don haka akwai shawarar da ke jirana. Gobe Juma'a za a duba wata. Na gaya wa Baffa daga nan har a sauko daga idi ba zan taɓa katanga ko sshd_config ba, sabuntawar tsaro kawai, ita ma a cikin tmux, bayan an tashi daga kasuwa.